Hancin Motar Maigidana

Ban san komai a kan inji ba, amma auren direba ya sa na san muryar mota kamar yadda na san tarin 'ya'yana. Maigidana yana jigilar fasinja daga Maiduguri zuwa yamma, ya je ya dawo a yini guda. A shekarun nan kowa ya san dokar hanyar: sojoji su buɗe ta da hantsi, su rufe bayan la'asar. A tsakani kuma akwai wani dogon fili na ƙaya da kangayen gidaje, inda ko fitsari ya matse ka ba ka tsayawa. Direbobi ba sa kama sunan masu fitowa daga dajin nan. "Mutanen nan" kawai suke cewa, su ma sai sun rage murya.

Motarsa doguwa ce 'yar Kwatano, ta zo da tobo, wani ƙarfe mai kama da katantanwa wanda ke danna iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Maigidana ne ya koya mini cewa mota da iska take gudu, ba da mai kaɗai ba, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi ƙosar da ita. To, ina sanyi a bazarar Borno? Da rana ta take, sai ya taka totur motar ta riƙa nishi kamar tsohuwa a kan tudu. Kullum ya dawo da wannan mita yake cin tuwo.

Wata Juma'a ya ɗauko ni daga kasuwa, ya ce bari mu biya ta Mafoni wajen makanikensa, yanzu za a gama. Yanzun direba! A gindin dalbejiya na zauna da kayan miyata suna yaushi, ina kallo aka ɗaga bonet, aka ciro wani baƙin akwatin roba wanda matatar iska take ciki, aka jefar gefe. Makaniken, wani Babarbare mai fara'a, ya ce akwatin nan shi ya shaƙe motar, kuma iskar da take zuƙa a cikin bonet ta riga ta dahu. Ya kawo ƙaton bututu mai faɗi, ya lanƙwasa shi ya gangara da bakinsa can ƙasa, bayan bamba, kusa da taya, ya ɗaura masa 'yar matata kamar hula.

"Wushe, wushe," ya yi wa maigidana sannu da yarensu yana goge hannu. "Yanzu hanci ya fito waje. Iska mai sanyi zai sha, ba mai kama ka a hanya."

Mai sayar da kayan gyaran, wani Ibo da ya tsufa a garin, shi ya kawo bututun daga shagonsa. Ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Oga, wannan hanci ya yi ƙasa da yawa fa. Damina ya zo, mota zai sha ruwa."

Maigidana ya yi dariya, ya ce kafin ruwan fari zai mayar da shi sama. Na riƙe wannan magana, don ni ba na mantuwa da alkawarin namiji.

Gaskiya motar ta canza. Tun daga bakin layinmu a Maisandari nake jin ta, tana wani irin zuƙa da fito, idan ya saki totur ta yi huci. Yara suna murna, ni kuwa tsikar jikina ce ke tashi. Ban taɓa son sautin nan ba.

Ana nan, wata rana ya dawo bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ya sha ruwa kofi biyu a tsaye, sannan ya ce wasu sun fito daga cikin ƙaya da kakin soja da silifas a ƙafa, suna ɗaga masa hannu. Ya taka. Ya ce da motar jiya ce, da yanzu wani labarin ake yi. Ban tambaye shi yadda aka yi da motar da ke biye da shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Daga ranar bututun nan ya fi ƙarfin bakina. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, aka yi ruwan fari, aka yi na biyu, layinmu ya zama tafki. Na tuna masa, ya ce gobe. Na sake, ya ce makanike ya yi tafiya. Ranar da na tsare shi a ƙofa yana ɗaura agogo, raina a ɓace yake.

"Maigida, so kake ka mayar da ni gwauruwa saboda tiyo?"

"Ke ba ki ga abin da na gani ba," ya ce. "Ruwa ina ganinsa in kauce. Mutanen nan fa?"

Na bi shi da a dawo lafiya, a daƙile.

Da azahar gari ya yi baƙi, aka tsuge da ruwa. Na kira wayarsa, ba ta shiga, amma wannan ba sabon abu ba ne, filin nan babu sabis. La'asar ta yi, na ɗora tukunya. Duk motar da ta wuce sai in tsaya da muciya a hannu.

Gab da magariba abokin aikinsa ya yi sallama, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ƙi zama a tabarma.

"Yaya, ruwa ne ya yanke titi a kwari, a tsakiyar filin nan. Bai kai gwiwa ba, wallahi duk mun wuce a hankali. Tasa tana shiga ta zuƙa, ta mutu. Ya sake murza makulli, muka ji ƙwas."

Ya ce sun tura ta bakin hanya, sun rarraba fasinjojin a sauran motoci. Sun roƙe shi ya shigo, ya ce ruwa ne kawai, zai kwance fulogi ya tsane shi, yanzu zai biyo su. Lokacin rufe hanya ya matso, kowa da rayukan mutane a motarsa. Suka taho.

Da aka buɗe hanya washegari, direbobi suka bi sojoji zuwa wurin. Motar tana nan, bonet a ɗage, fulogi a jere a kan tsumma yadda ya saba jera su, amma shi babu shi. Suka jawo ta da igiya har ƙofar gidanmu.

Shekaru sun shuɗe. 'Yan'uwansa sun zo sun ce a yi masa salla, in yi takaba in huta, na ce su kawo mini wanda ya ga gawarsa. Masu sayen motar sun zo, na kore su. Ƙaramar 'yata, wadda ba ta san fuskarsa ba, idan aka tambaye ta a makaranta ina babanta, cewa take yi yana hanya.