Jiran Tasha Ta Lalace

Ba don Inna na sayi na'urar ba. Don kaina na saya, saboda ƙwallo da labaran yamma, da kuma gudun faɗan rimot a gidana na unguwar Gesse. 'Yar akwati ce baƙa, ba ta kai kwanon sha girma ba. Wayar eriya na shiga ta bayanta, wata waya ta haɗa ta da rautar da ke raba intanet a gida, shi ke nan duk tashar da eriya ta kamo kyauta sai ta bazu a gidan, ni ina kallo a wayata, matata a talabijin ɗin falo. In na saita ta, takan naɗe shiri ta ajiye mini har in dawo daga makarantar da nake koyarwa. Na cika baki da ita a ɗakin malamai har abokan aiki suka koma sauya hira in na shigo.

A shekarar ne Inna, mahaifiyata, ta zo daga mahaifarmu Gulma ganin likitan ido. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, abin da ya tafi na ganinta ya tafi, sauran ma tafiya yake, sai dai magani ya rage masa sauri. Ta zauna wurinmu tana ɗiga magani, ta kuma sami abin yi: ta jawo tabarma dab da talabijin, ta karkata kai ta ɓangaren idon da ya fi, ta yi ta kallon 'yar tashar garinmu don ita ce ke magana da Hausar da take ji.

Ran nan bayan la'asar wuta ta zo rabi-rabi, ko fanka ba ta iya juyawa, sai muka tada janareto. Ina waje ina alwala na ji Inna ta ƙwala kira irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Kai! Taho maza! Ga babanku nan cikin jirgi!"

Na shigo da ruwa a hannu. Abin da na tarar a talabijin wani mai babbar riga ne yana godiya ga manyan baƙi.

Mahaifina ya rasu ina ɗan firamare. Manomin shinkafa ne a fadama, kuma ba mai son hoto ba ne. Guda ɗayan da aka taɓa ɗaukarsa ambaliya ta tafi da shi tare da akwatin Inna. Ina tuna tsayinsa da warin taɓo a rigarsa, amma in na nemi fuskarsa sai ta kawuna ta fito mini. Na ce wa Inna ko dai wani ta gani mai kama da shi, tunda idon ba lafiya. Ta juyo ta dube ni da idon nan guda.

"Mijina na zan kasa ganewa? Shi na, da malfatai, shina tuƙi da hagu. Shekarar da ruwa yac ci gona munka yanke shinkahwa cikin jirgi. Masu hoto sun zo, ni ban manta ba."

Washegari na tafi tashar. Wani ma'aikaci da na tare a bakin ƙofa ya yi mini bayani. Layin wutarsu ɗaya da na unguwarmu. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, kafin janaretonsu ya tashi, sai su danna wani tsohon kaset na hotunan karkara don kada mai kallo ya ga duhu. Kaset ɗin ya daɗe cikin na'urarsa har ba mai yarda ya fito da shi, tsoro ake ya tsinke. Na roƙa a bar ni in shiga in ɗauka da wayata. Ya ce sai da izinin oga, oga kuma ya yi tafiya. Na koma, oga na taro. Na sake komawa, oga bai shigo ba. A zuwa na ƙarshe zuciya ta ɗebe ni, na faɗa musu abin da ke raina game da su da ogansu da babbar rigarsa, maigadi ya raka ni har titi, ya kuma haddace fuskata da kyau.

Saura na'urata. Ita kuwa da jadawali take aiki, ka ce mata shiri kaza ƙarfe kaza. Wane jadawali ne zai gaya maka lokacin da tasha za ta lalace? Sai na saita ta ta riƙa naɗe komai, daga buɗe tasha har rufewa. Kuma tunda wutarmu da tasu tare suke tafiya, dole gidana ya zama da wuta a daidai lokacin da kowa ba shi da ita. Na yi ta kunna janareto ana tsaka da wuta. Maƙwabcina, wani mutumin Filato mai shagon fenti, ya leƙo ta katanga ya tambaye ni ko lafiya. Da ya ji dalili bai yi dariya ba, shi ne ma ya haɗa ni da mai inbata da batir.

Ba a daɗe ba aka ɗauke wuta ana cikin shirin gaishe-gaishe. Na buɗe abin da aka naɗa. Ruwa ne ya cika allo, jajaye-jajaye irin na tsohon hoto. A gefen dama ga gindin jirgi yana fita, da dammunan shinkafa a kai, da ƙarshen gwangwalar tuƙi, da hannu guda cikin farar riga. Kafin in ƙifta ido jirgin ya fice, sai ga shanu suna ƙetare gulbi.

Nan na gane abin da ma'aikacin bai faɗa mini ba. Ba sa mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa. Inda ya tsaya jiya nan yake tashi yau. Inna ta ga jirgin yana shigowa, ni na sami fitarsa. Kafin ya sake zagayowa sai kaset ya ƙare kaf an juya shi, kuma ba ya motsi sai tasha ta lalace.

Ban nuna wa Inna guntun ba, na ce sai na sami cikakke. Ta koma Gulma da kwalaben maganinta, ni kuma na zama mutumin da ke fatan ɓarna. In unguwa ta yi tsaki an ɗauke wuta, ni hamdala nake yi a ɓoye. In aka ɗauke da safe, kafin a buɗe tasha, haushi ya hana ni karyawa, don an yi asararta a banza. Ranar da janaretonsu ya tashi da bugu ɗaya har zagin mai gyaransa nake yi. Kullum da yamma ina zaune ina jan yatsa a kan waya, ina tsallake jawabai da tallan taki da wa'azi, ina neman jan ruwan nan. Na ga kasuwar albasa, na ga mata na sussuka, na ga masunta a Argungu, na ga wani tsoho yana saƙar taru wanda ya ci mini lalacewa biyu shi kaɗai. Ma'ajiyar na'urar ta cika, na goge ƙwallayen da na tara ban ji komai ba. Matata ta ce ta auri malami ta wayi gari da mai gadin talabijin.

Duk Juma'a in na kira Inna, bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce.

"Ya hito?"

"Bai fito ba tukuna, Inna."

"To. Allah shi hiddo shi. Idon dai na ta yin ƙasa."

Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai na lura an ɗauke wuta amma shiri bai yanke ba. Na ce dace ne. Aka sake ɗaukewa, mai labarai ko gezau. Ranar da suka sanar da bakinsu, da murna da kiɗa, cewa sun sa sola da sababbin na'urori, ba sauran yankewar shiri, ina zaune a falo. Mutanen gari sun ji daɗi, kuma suna da gaskiya. Ni ji na yi kamar an yi mini rasuwa, kuma ba wanda zan gaya wa ya zo mini gaisuwa.

Maƙwabcina ya san wani a ciki ta cocinsu, ya je ya tambayo mini, tunda ni ba ni da fuskar zuwa. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofata yana juya makullin babur. An kwashe tsofaffin na'urori an ba 'yan gwangwan. Kaset ɗin yana ciki, ba wanda ya tuna ya cire.

Na tafi Gulma da guntun a wayata. Na sami Inna a inuwar rumbu, ta gane ni da sallama ba da ido ba. Na zauna kusa da ita na ce na samo wani abu, amma kaɗan ne. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da idon da ya rage, ta karkata kai. Na danna.

"Jirginmu na," in ji ta. "Ga ɗinkin da anka yi mai ga gindi. Ga hannunai nan." Sai ta ɗaga murya kamar zai ji. "Ya wuce! Maido shi baya kaɗan in ga huska."

Na ja yatsa baya har ƙarshe. Gindin jirgi, dammuna, hannu.

"Ƙara baya."

"Inna, nan ya fara. Ba abin da ke bayan nan."

Na miƙa hannu in karɓi wayar, ta ƙi saki.

"Bar shi," ta ce. "Kaya za shi saukewa ga tudu. Da sauran shinkahwa cikin ruwa, ba ya barin ta."

Ban san ko wasa take yi ba, ban kuma tambaya ba. Ta ci gaba da riƙe wayar a bakin idonta. Shanu suka gama ƙetare gulbi, janareton tasha ya tashi, mai gaishe-gaishe ya dawo yana miƙa gaisuwa ga mutanen Ambursa, ita kuwa tana nan tana jira.