Injin Sharar Ɗakin Kakata

Duk sanda na ratsa layin dukawa a kasuwa, ƙanshin sabuwar jima ya daki hancina, sai in tuna wani inji da ya taɓa zama a gidanmu a Tambuwal.

Ƙanen mahaifina ne ya zo da shi. Kuku yake yi wa wani Bature a Sakkwato. Da aka sami mulkin kai, Baturen ya tattara zai koma ƙasarsu, ya bar masa tarkace, ciki har da injin shara. Kada ka ɗauka irin na yanzu ne mai lantarki, don garinmu ko turken wuta babu a lokacin. Wani dogon gwangwani ne, tiyo a gaba, jakar yadi a baya, da mariƙin katako da ake ja ana turawa. In ka ja, ƙurar da ke bakin tiyon sai ta ɓace. Na sha kwanciya rub da ciki ina leƙawa, ina son in ga abin da ke janta.

Mahaifiyata ce ta gano amfaninsa. Kakata tana da ciwon ƙirji, wanda yanzu ake cewa asma. In aka share ɗakinta da tsintsiya, ko da an yayyafa ruwa, sai ta wuni numfashinta na fita da kyar. Da aka gwada injin a kan tabarminta da ƙarƙashin gado, ƙura ba ta tashi ba, ita ma ba ta yi tari ba. Aka ɗora mini aikin, tunda dama hannuna ba ya rabuwa da shi. Ina ja ina gumi, tana zaune bakin gado tana zolayata, wai ta yi dacen miji mai shara.

Da damina ta sauka, ƙasa ta yi sanyi, muka jingine shi a bayan ƙofa. Sai bayan an yanke gero, ƙaiƙayi ya cika gida, na ɗauko shi. Na ja, shiru. Na sake ja, mariƙin ya taho sakayau, ba nauyi. Ƙanen mahaifina da ya kawo injin kuwa ya koma Sakkwato neman wani aiki. Ranar mahaifiyata ta share ɗakin da tsintsiya a hankali, amma kafin la'asar sai da mahaifina ya ɗauko kakata ya kwantar a gindin tsamiya, ana yi mata fifita, bakinta a buɗe tana neman iska. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan.

Washegari mahaifina, da yake malami ne, ya sallami ɗalibansa da wuri, muka zauna da injin a zaure. Mun fara da jaka, muka zazzage ta, muka wanke, ta bushe. Bai yi ba. Na zura karan dawa cikin tiyon, sai ga ɓarɓashin laka yana zubowa, ashe zanzaro ya yi gini a ciki. Na yi murna na ce an gama. Mahaifina ya tsinci gashin kaza ya riƙe a bakin tiyon, na ja, gashin ya ɗan motsa kawai. Daga nan ya sa bakin wuƙa ya kwance ƙusoshin gwangwanin. A ciki fata ce mai ninki-ninki, danshi ya ci ta, ɓera ya ƙarasa.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe zugazugi na, irin na maƙera. Sai kawunka."

Kawuna baduku ne a Kebbe, shi ke ɗinka wa maƙeran yankin zugazugai. Mahaifina ya ari keke, ya ɗaure injin a baya, ya ɗora ni a gaba. Inda rairayi ya yi yawa sai mu sauka mu tura.

Kawu ya zaɓi fatar jar akuya, ya murza ta da man shanu har ta yi laushi, ya auna ta da tsohuwar, ya yanka ya ɗinka. Akwai wasu ƙananan fatu biyu kamar harshe, kowanne ya rufe wata 'yar kafa, su ma ya sake su. Aka zuba toka a ƙasa don gwaji, mahaifina ya durƙusa yana kallo. Na tura mariƙin da ƙarfina, sai tokar ta tashi gaba ɗaya ta rufe masa fuska da gemu.

Dariya ta ƙwace wa Kawu. "Hannuna ya saba da na maƙera. Su hurawa suka so, wanga ko zuƙa shika yi."

Ya sake buɗewa, ya juya harsunan. Ya kama yatsana ya ɗora a kai, ya sa na ja a hankali. Na ji ɗaya na buɗewa, ɗayan na rufewa. A nan na gane ba ƙurar ake ja ba, iska ce, ƙurar biyo ta take yi. Na jima ina ja ina turawa, har sai da aka karɓe.

Da muka dawo, kakata ta ce, "Mijina, an ce har Kebbe kat tahi don ni?"

Na ce, "Don inji nit tahi."

Ta yi dariya mai tsawo, tari bai katse ta ba.

Ta ƙara wasu shekaru, kuma ni ne mai sharar ɗakin har na tafi makaranta, ƙanwata ta gaje ni. Bayan rasuwarta na zo hutu, na tarar mahaifiyata na share ɗakin da tsintsiya. Ƙura ta turnuƙe har bakin ƙofa, babu wanda ya yi tari. Sai ta ajiye tsintsiyar ta fito.

Yanzu gidajen 'ya'yana akwai injina iri-iri, masu kyau, a rufe ruf, ba inda za ka sa bakin wuƙa. In ɗaya ya tsaya, sai a ce ya mutu, a tura shi bayan ɗaki. Ba na ganin laifinsu, an yi abin ne don kada a buɗe. Amma ni har yau in na ji an ce abu ya mutu, sai in tambaya ko akwai wanda ya leƙa cikinsa tukuna.