Gaisuwar Matattu Gaban Mai Rai

A faɗuwa ta biyu ne Pyo Hae-rin ta gane an yi ɓarna. Ranar sabuwar shekara ce, tana ɗakin uwarta a garin Mokpo da kwanon miyar wainar shinkafa a gabanta, sai ga bidiyo daga uwar Tae-gon, ɗalibinta. Yaron ya zo gaban kakansa cikin kayan biki, ya haɗa hannuwa, ya faɗi har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya miƙe. Hae-rin ta fara murmushi. Sai ya sake faɗuwa.

A al'adarsu, sau ɗaya ake faɗi wa mai rai, sau biyu na mamaci ne. Tsohon kuwa bai daɗe da fitowa daga asibiti ba.

Babu wanda ya koya wa yaron wannan sai ita, ita mai digiri.

Tana ƙarama teku ta cinye ubanta. Uwarta ta raine ta da sayar da busasshen kifi, ba ta kuma yarda a faɗi mata gaisuwa. "Tashi ki wanke kwanuka," shi ne amsarta kullum. Saboda haka duk faɗuwar da Hae-rin ta yi a rayuwarta gaban hoton ubanta ta yi ta, sau biyu, kowace shekara, har gwiwoyinta suka haddace. Ta tafi jami'a, ta koyo manyan kalmomi kan yara masu larurar galahanga, waɗanda hulɗa da mutane ke yi wa wuya, ta sami aiki a wata 'yar cibiya a Daegu.

A can aka damƙa mata Kongi, mutum-mutumin na'ura mai tsayin tulu, mai ƙifta ido da daddaɗar murya. Tae-gon ba ya kallon fuskar kowa, amma yana kallon ta Kongi, mai yiwuwa don Kongi bai taɓa tsuke baki ya ce "kaico, yaro kyakkyawa" ba. Kakan ya ƙi cibiyar tun farko. Jikansa ɗaya tilo, abin wasa ne zai koya masa ladabi? Da ƙyar uwar ta shawo kansa, bisa sharaɗin zai ga sakamako ranar sabuwar shekara. In bai gamsu ba, an gama.

Hae-rin ta zauna ta shirya wa Kongi gaisuwar da hannunta. Ta sa shi ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Ta kalla, ta ga daidai, har ta tafa wa kanta. Tae-gon kuwa ɗalibi ne na ƙwarai, ba ya ragi ba ya ƙari.

Uwar Hae-rin ta leƙo wayar, ta sa tabarau.

"Wane ne ya rasu?"

"Babu kowa, Inna."

"To wannan tsohon da ke zaune fa? Sanar da shi ake yi?"

"Inna, don girman Allah."

"Kifi nawa na sayar kika yi karatun nan? Har da na'ura kuke binne mutane yanzu. Ci gaba ya yi."

Hae-rin ta kira uwar yaron.

"Maman Tae-gon, laifina ne, ni ce na..."

"Malama, kin ji ihun da ke bayana? Gwaggonsa ce. Wai ni na kitsa, ina gaggawar gado."

"Kaka fa?"

"Baba ya ce, 'Tun da an sallame ni, bari in je in kwanta.' Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Ko miya bai taɓa ba."

Shugabar cibiyar ma ta kira, da muryar nan tata ta taron iyaye. "Malama Pyo, a takardar talla mun ce muna shirya yara don kowane irin taro. Ban san har da jana'iza kike nufi ba."

Hae-rin ta koma kan bidiyon tana maimaitawa. Can wajen ƙarshe, bayan faɗuwa ta biyu, lokacin da manya suka daskare, Tae-gon ya ɗaga kai ya dubi kakansa cikin ido, ya ce, "Kaka, a sami albarkar shekara." Bai taɓa yi wa wani mahaluki haka ba. Mutanen ɗakin, masu cikakkiyar ƙwarewa a hulɗa da jama'a, babu wanda ya amsa masa.

Ta yanko wannan guntun ta tura wa uwar, ta roƙe ta a nuna wa tsohon. Uwar ta ce za ta gwada in ya buɗe ƙofa.

Tun hutu bai ƙare ba, ta hau jirgin ƙasa ta koma Daegu, ta buɗe cibiyar ita kaɗai, ta gyara Kongi. Yanzu sau ɗaya yake faɗuwa, ya miƙe yana ƙifta ido kamar bai taɓa kashe kowa ba.

Ranar Litinin ne darasin Tae-gon. Uwar ta ce kakan ne zai yanke ko yaron zai dawo. Yau Asabar, kuma har yanzu bai ce komai ba.