Rigar Mama Bayan Tiyata

Salama gare ku 'yan uwa. Tun kakar bara ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe ni. Sai yanzu na iya magana.

Lokacin ɓarar gyaɗa na ji wani ƙullutu a nonona na hagu. Ba ya ciwo, sai na share. Da fatar wurin ta fara lotsawa, maigidana Malam Sani ya ɗauke ni a babur zuwa asibitin da ke kusa da ƙauyenmu a Bagwai. Daga can aka tura mu Kano.

Yankan kati, bin layi, hoto, sannan aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Jiran sakamakon ya fi komai wuya.

Likitar ta ce ciwon daji ne, amma zai ciru, sai dai nonon zai tafi. Na juya na kalli Malam.

Ya ce, "A cire, likita. Ita nake so na koma da ita gida."

Gyaɗar shekarar ta tafi a kuɗin magani, sanmu ɗaya na huɗa ya bi ta. Bayan tiyata aka shiga ƙarin ruwan maganin daji. Gashina ya zube, na yi ta amai, kunun da mahaifiyata Inna take damawa kaɗai ke zama a cikina.

Allah Ya sa ciwon ya warke. Amma na ƙi fita. Ko da hijabi, gani nake kowa ya san gefe ɗaya babu komai. Biki da suna duk na daina zuwa.

Wata ranar kasuwa Malam ya dawo da abu a ƙulle cikin leda, ya miƙo min yana kallon ƙasa. Rigar mama ce. Wai sai da ya yi ta zagaya rumfar kafin ya iya buɗe baki, da aka tambaye shi lamba kuma ya ce a ba shi mai kyau kawai. Ta yi min kaɗan, ƙarfenta yana danne tabon. Ranar na fara dariya tun da aka sallame ni.

Da muka koma ganin likita na gaya wa wata nas. Ta ce na samu tef irin na tela na auna kaina. Awon farko a zagaya ƙirji ta ƙasan nono, ba a matse ba. Na biyu daga tsakiyar ƙirji, a bi ta kan nonon da ya rage har tsakiyar baya, sai a ninka.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban taɓa tsayawa na dubi tabon sosai ba sai ranar. Na yi kuka, na goge ido, na auna.

Yayata Talatu ta samo marar ƙarfe daidai awon, ta ɗinka mata aljihu ta ciki. Muka cusa auduga, ta riƙa hawa sama don ba nauyi. Sai ta ɗinka 'yar jaka ta zuba gero, ta zauna daram.

Makon jiya na je sunan maƙwabta. Na zauna cikin mata, na ci tuwo, har jaririyar na riƙe a ƙirjina.

Mata 'yan uwana, ku riƙa taɓa jikinku. In kun ji ƙullutu, ko ba ya ciwo, ku je asibiti. Wadda aka yi wa irin aikina, ki bari tabon ya warke tukuna, ki tambayi nas, ki auna, kada ki sa mai ƙarfe.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da Inna da Yaya Talatu. Malam kuma, na san za a karanta maka wannan. Allah Ya mayar maka da sanka, Ya bar mu tare.