Direban da Gilasansa Suka Ƙi Wankuwa

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo Ya suturta wanda zan ba da labarinsa, Ya suturta mu tare da shi.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Sana'arsa tuƙa motar ma'aikatan wani kamfanin yin kwali: ya kwashe su da sassafe, ya mayar da su da yamma, kuma tun gemunsa yana baƙi har ya yi furfura ba a taɓa jin ya goga wa ko akuya ba. Da wannan sitiyari iyalinsa suke ci, da marayun ƙanensa, da gyatumarsa da ke ɗakin tsakar gida. Abu guda Allah Ya jarrabe shi da sonsa, shi ne kyamara, kuma ba mutane yake ɗauka ba, tsuntsayen wani kududdufi ne da ke bayan kamfanin. Gilasan kyamararsa tsofaffi ne na ƙarfe, waɗanda ake murzawa da hannu har hoto ya fito sarai. Yana ajiye su cikin akwati, kowanne a naɗe cikin safa mai tsabta, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Maiɗakinsa takan ce da ita ake gogewa kamar gilasan nan, da har yau tana sheƙi.

Ranar Asabar masu wannan sha'awa sukan taru a shagon Mai Gyara, mai gyaran kyamara da ke jikin masallacinmu, ni kuma nakan zauna a bencinsa ina jiran La'asar. Na halarci saɓanin malamai a kan mas'aloli masu nauyi, amma ban ga inda aka kai su zafi ba. Babban abokin hamayyar Direba wani Tela ne, mai riƙo da kyamarar zamani da ke saita kanta.

"Direba, wannan bututun naka ai sai an ɗauko masa ɗan dako," in ji Tela.

"Naka na roba fa? Kyamara ta duba, ta saita, ta ɗauka. Kai mene ne aikinka, riƙe mata jaka?"

"Aikina in dawo gida wuyana bai karye ba."

A daminar bara Direba ya kawo dogon gilashinsa, ya ce fumfuna ta kama shi, domin hotuna suna fitowa dishi-dishi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Laima takan shiga gilashi ta yi masa saƙa. Mai Gyara ya kwance, ya wanke, ya ɗaura. Mako ya zagayo sai ga gilashin ya dawo, tare da ɗan'uwansa. Kafin damina ta ɗauke, babu ɗaya cikin akwatin da bai kwana a shagon ba.

Wata rana bayan an watse, Mai Gyara ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Allah gafarta Malam, wallahi abin da ba shi da datti nake wankewa. Ka ga ɗan majuyin nan da ke gefen ramin leƙawa? Da shi ake daidaita kyamara da ƙarfin idon mai ita. Nasa ya murza shi har ƙarshe, babu sauran wurin zuwa. Ba gilashi ba ne, ido ne."

Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa. Ya ce a kamfanin, da zarar an ji direba yana da larurar ido, sai a karɓi makulli a ba wani. Wanda ya furta ya ɗauke tukunyar gidan daga kan murhu, wanda ya yi shiru kuma yana da kaso a duk abin da ya faru a kan titi. Na ce masa suturta ɗan'uwa abin nema ne, amma tsare rayuka ya gabace shi, saboda haka shiru bai halatta ba. Abin da ya rage shi ne a zaɓi lafazi mai taushi. Aka yi ta neman lafazin, Asabar tana bin Asabar, ba a same shi ba.

Ana cikin haka Tela ya sayi sabon gilashi, ya zo da shi cikin kwalinsa don ya yi fariya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauki wata kurciya da ke kan wayar lantarki, aka sa hoton a babban allon shagon. Kowane gashi na jikinta ana iya ƙirga shi. Direba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, sannan ya kwashe da dariya.

"Ka ga abin da nake gaya maka? Sabo fil, amma kamar an ɗauka ta cikin tururi! An cuce ka, mai almakashi."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Tela, wanda ba a taɓa jifansa da magana bai rama ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin gilashin. Wannan shirun ne ya isar da abin da muka kasa isarwa. Direba ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ya fito ne?"

"Ya fito, Yaya," in ji Tela. "Har baƙin zoben wuyanta."

Bayan an sallame ya tsaya har masallaci ya yi fayau, sannan ya durƙusa a gabana.

"Allah gafarta Malam, idan mutum bai tabbatar da abu ba, akwai laifi a kansa?"

Na ce uzurin rashin sani ba ya samun wanda yake gudun sanin, kuma in yanar ido ce ta rufe masa gani, likitoci suna cire ta da iznin Allah.

"Suna cirewa, Malam, amma kujerar tuƙin ba ta jira. In na je asibiti, ofis za su ji. In ban je ba, kai ma ka san su wa nake ɗauka." Sannan ya ce, "Hanyar nan na haddace ta. Ramukanta ma na san su." Na ce ramuka suna zama inda aka bar su, mutane ba sa zama.

Ranar Litinin da safe na fito na tarar da motar a ƙofar gidansa inda take kwana, ma'aikatan unguwarmu sun shiga sun zauna. Shi kuma yana kan kujerarsa, hannu biyu a kan sitiyari, bai tayar ba.

"Baba Direba, za mu makara fa!" in ji wata daga baya.

Ya sauko a hankali, ya zagayo ta ƙofar fasinja, ya ɗaga makullin.

"A cikinku wa ya iya tuƙi?"

Suka dubi juna. Babu ko ɗaya. Maiɗakinsa ta leƙo daga zaure, ta ga abin da ake ciki, kuma ba ta koma ba. Ya tsaya a nan tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar motar, makulli a hannu, rana tana hawa, ana jiransa ta kowane ɓangare.

Allah Ka ba shi mafita ta inda ba mu gani ba.