Takardar da ke Jikin Bangon Ofishinmu

Hannatu Istifanus 'yar Kagoro ce, amma a Gyadi-Gyadi ta yi wayo. Da keken buga takardu ta fara neman abinci a wani ɗan shago a Tarauni, daga nan ta koya wa kanta kwamfuta har ta iya gina shafin intanet. Shekara tara muka yi tare a wata makarantar kuɗi a Darmanawa, ni ina koyar da lissafi, ita tana riƙe da shafin da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Ba ta da surutu, ba ta wasa da aiki, shi ya sa raggwayen cikinmu ke ce mata mai girman kai.

A kwamfutar ofis take rubuta shafin, cikin manhajar da masu wannan sana'a ke rubutu da ita. In ta gama sai ta danna, fayil ya wuce can saba, wato babbar kwamfutar da makaranta ta kama haya a intanet. Sabar ba ta karɓar kalmar sirri, Hannatu ce da kanta ta toshe wannan hanya saboda ɓarayi. Makulli take karɓa, wani ɗan fayil cike da haruffa barkatai da ke ɓoye a kwamfutar ofis. Duk wanda ya same shi ya sami shafin gaba ɗaya.

Wata Laraba da safe, saura kwana uku taron iyaye, ta danna ta tura sakamako sai manhajar ta ce an hana ta shiga. Ta duba adireshin saba, daidai. Ta duba sunan shiga da lambar ƙofar da ake bi a shiga sabar, daidai. Ta sauya layin data, shiru kamar an shuka dusa. Alhaji Sadiq, mai makarantar, bai san komai a harkar ba sai tsawa. Ya leƙo sau huɗu, a na huɗun ya ce in Asabar ta yi babu sakamako ta nemi wani wurin aiki. A gabana ya faɗa, na ji kamar in tofar da yawu.

Sai bayan azahar ta buɗe ɓoyayyen wurin da makullin ke zama, ta tarar da shi wayam. Nan Ashiru, ƙanin matar Alhaji, wanda aka ba shi kula da kayan ofis don kawai a ce yana aiki, ya gyara hula ya ce shi ne. Ɗabi'arsa ce tun yana shagon kwafin takardu a Unguwa Uku: duk fayil ɗin da sunansa bai yi masa ba, bairos ne mai lalata kwamfuta, sai gogewa. Ya ce ya buɗe ya ga rubutun aljanu, ya wanke mana kwamfuta tas, har kwandon sharar ya zubar. Yana faɗi yana jiran a gode masa.

Hannatu ta koma kan kwamfutar. Hanya ɗaya ta rage, ta shiga ta asusun kamfanin da ke ba da hayar, shi kuwa wayar Alhaji yake aika wa lambar tabbatarwa, Alhajin kuma ya tafi ɗaurin aure unguwar Babban Giji ya ƙi ɗaga waya. Ta rungumi kwamfuta ta hau adaidaita, ta tsaya a rana ƙofar gidan mutane har ya ga dama ya fito. Ta ƙera sabon makulli, manhajar ta sake ƙi, wai an bar fayil ɗin a buɗe kowa na iya karantawa. Ta taƙaita shi ga ita kaɗai. Ran Alhamis da la'asar sakamako ya hau.

Na ɗauka za a ja wa Ashiru kunne. Ina! Alhaji ya ce laifin na mai ɓoye-ɓoye ne, ya umarce ta ta buga makullin a takarda a liƙa a bango, kamar yadda ake rataye makullin sito a ƙusa, kowa ya san inda yake.

Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Sunayen yara da lambobin iyayensu ne a ciki. Zan ajiye maka kwafi a filas, ɗan abin ajiye fayil ɗin nan, ka kulle a durowarka, amma ba zan liƙa a bango ba."

Ya ce, "To ki miƙa wa Ashiru kwamfutar."

Ta miƙa, ta ɗauki jakarta da kofin shayinta, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ta koma shagon Tarauni tana buga wa ɗalibai takardun kammala karatu, mai son shafi kuma ta gina masa.

Ranar Asabar Alhaji ya tashi a gaban iyaye ya yabi Ashiru da ya ceci kwamfutar makaranta. Ina zaune kusa da ƙofar ofis, takaici ya hana ni tafa masa. Takardar makullin tana nan jikin bango, Ashiru ya buga ya liƙa ta daidai ƙarƙashin jadawalin sabon zango. Iyaye suka yi layi, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton jadawalin, da shi da abin da ke ƙasansa.