Ƙwan Tantabara a Rufin Sandaka

A gangaren Nakkasa, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, 'yan dako sun ɗauko sandaka ɗungurungum, ɗakin kwanon nan na ajiye tarkace a bayan gida, domin sabuwar hanya za ta bi ta wurin. Wata tsohuwa ce ta kira su aikin. Gajeriya ce, da tsagen Gobirawa a kumatu, ƙafafunta duk faso. Tana tafe a ƙarƙashin kusurwar rufin, ta tara mayafinta da hannu biyu.

Can sama, tantabarar Harami ta yi sheƙa, har da ƙwai.

"Shuwayya-shuwayya, a hankali, Mukhtaru ɗana! Kada ku karkata shi!"

"Ya Hajja, ki matsa," in ji Mukhtaru, shugaban 'yan dakon. "In ya kuɓuce mana, ke zai danne."

Ko gezau ba ta yi ba.

Da alama ƙafafun nan su suka tako tun daga Gobir, ta Sudan, shekara da shekaru, don mai su ta cika a nan ba alhaki a kanta. Yau ga ta a garin da ko ciyawa ba a tsinka, ta tayar da tsuntsuwa daga kan ƙwanta.

An sauke ɗakin, ƙwai ba su fashe ba. Uwar kuwa tana ta shawagi, ta ƙi sauka. Tsohuwa na tsaye cikin rana, bakinta na motsi, har yanzu mayafin a tare.